Gishirin Walden: Tarihin Gishirin Da Ke Gudana Kamar Ruwa

Rubutunmu na wannan mako zai shigar da mu ɗakin gwaje-gwaje, amma kada wanda ya sha wuya a hannun darasin kimiyya a sakandare ya gudu. Tarihi za mu yi, tarihin wani gishiri da mutanen da suka yi ta auna shi tsawon shekara ɗari.

Idan aka ce gishiri, abin da ke zuwa mana a rai shi ne farin garin nan na miya. Wannan gishirin ba ya narkewa don kansa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selshiyos, zafin da tukunyar alminiyam za ta riga shi narkewa. Jiƙa shi a ruwa kuwa wani abu ne daban, don a nan ruwa ne ya ɗauke shi. A wurin masana sinadarai, gishiri sunan babban dangi ne. Duk abin da aka gina da ƙwayoyi masu cajin lantarki iri biyu masu jan juna, kamar yadda batir ke da kai da gindi, gishiri ne. Waɗannan ƙwayoyi su ake kira ayon. A gishirin miya ƙwayoyin ƙanana ne, sun jeru sun kama juna kamar bulo a jikin gini, shi ya sa rushe su sai da wuta mai tsanani. Amma idan ƙwayoyin suka zama manya kuma marasa siffa ɗaya, sai ginin ya ƙi tsayuwa, tamkar a ce mutum ya gina katanga da tulu da ƙwarya da kujera. Irin wannan gishirin yakan zauna a narke cikin ɗaki, babu ɗigon ruwa a jikinsa, ana zuba shi daga kwalba zuwa kwalba. An saba sanya duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 cikin wannan dangi.

Dangin ya rabu gida biyu, kuma gida ɗaya ne ya shafe mu a yau: wanda ake samu ta hanyar miƙa furoton. Furoton shi ne ƙwayar haidurojin bayan ta rabu da lantarkinta. Asid yana da halin bayar da furoton, wasu sinadarai kuma suna da halin karɓarsa. Iyayenmu mata sun san wannan ciniki ba tare da sunansa ba, domin duk lokacin da aka jefa kanwa a miyar yakuwa tsami ya mutu, abin da ya faru ke nan. To idan mai karɓar furoton ɗin ya kasance ɗaya daga cikin dangin amoniya da ake kira amin, sai a wayi gari mai bayarwa da mai karɓa duk sun zama ayon, gishiri ya samu.

Tarihin ya fara ne a 1888, lokacin da wasu masana biyu a Jamus, Gabriel da Weiner, suka ba da rahoton wani gishirin naitiret da ke narkewa tsakanin digiri 52 zuwa 55. Amma wanda ake danganta wa asalin fagen shi ne Paul Walden.

An haifi Walden a 1863 a ƙauye, cikin ƙasar da yau ake kira Latbiya, wadda a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Ɗan manoma ne, kuma ya tashi maraya, yayyensa ne suka ɗauki nauyin karatunsa. A 1882 ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta birnin Riga (sunan gari ne, ba rigar sawa ba), inda ya yi karatu a hannun Wilhelm Ostwald, wanda daga baya ya ci lambar Nobel a 1909. Mu da muka bi ta irin wannan kwaleji ya kamata mu riƙe wannan a rai, mutumin nan ɗan foliteknik ne, a can ya yi karatu, a can ya koyar. A 1896 ya gano abin da ya fi ɗaukaka sunansa, wato yadda ƙwayar sinadari ke juyewa daga siffar hannun hagu zuwa ta hannun dama yayin da ake sarrafa ta, kamar lema idan iska ta kifar da ita. Har gobe ɗaliban kimiyya na haddace wannan da sunansa.

Sai dai babban abin da ya cinye shekarunsa shi ne tambayar yadda lantarki ke ratsa ruwaye daban-daban. A 1906 ya fitar da wata ƙa'ida mai sauƙin fahimta: gwargwadon kaurin ruwa, gwargwadon wahalar da ayon ke sha wajen tafiya a cikinsa, don haka idan kauri ya ƙaru, ɗaukar lantarki sai ta ragu daidai da haka. Mu ajiye wannan ƙa'ida a gefe, za mu dawo mata.

Walden ya so ya yi nazarin gishiri tsantsa a narke, ba tare da ruwa ba. Matsalar ita ce gishirin da aka sani sai da wutar maƙera yake narkewa, kayan gilashin ɗakin gwaji kuwa ba su jure haka. Sai ya nemi gishirin da zai narke da ɗan zafi kaɗan. A 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a nan, kuma shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a can, Walden ya wallafa sakamakonsa a mujallar majalisar masana kimiyya ta birnin San Fitasbag. Cikin gishirin da ya bayyana akwai wanda ake samu daga haɗuwar itil-amin da asid ɗin naitirik, ana kiransa itil-amoniyam naitiret. Yana narkewa a wajen digiri 12. Ke nan a yanayi irin namu, in ban da tsakiyar daren hunturu, kullum a narke yake. Ya fi ruwa nauyi kaɗan, ya fi shi kauri kusan ninki talatin, amma bai kai man gyaɗa ba.

Abin lura shi ne Walden ya haɗa wannan gishiri tun kafin a raɗa wa furoton suna. Sai a 1920 Rutherford ya kawo kalmar, sai kuma a 1923 Brønsted na Denmak da Lowry na Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana asid a matsayin mai bayar da furoton. Walden bai jira bayani ba. Ya haɗa, ya kore ruwa, ya auna zafin narkewa, ya auna ɗaukar lantarki, ya rubuta.

Daga nan sai gishirin ya shiga barci. Ba a san amfanin da za a yi da shi ba, duniya kuma ta shiga ruɗani. An kwashe kwalejin Riga zuwa Mosko a 1915 saboda yaƙi. A 1919 Walden ya koma Jamus, ya zama farfesa a jami'ar Rostok. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Birtaniya suka yi wa Rostok ruwan bama-bamai, gidansa ya ƙone tare da ɗakin karatunsa mai ɗauke da dubban littattafai. Tsoho ɗan shekara kusan tamanin ya koma ba shi da komai, ya ci gaba da koyar da tarihin kimiyya don ya ci abinci. Ya rasu a 1957 yana da shekara 93. An sha gabatar da sunansa don lambar Nobel, bai taɓa samu ba, kuma bai ga ranar gishirinsa ba. Abin da ke gidansa wuta ta cinye. Abin da ya wallafa shi ya tsira, domin kwafinsa na warwatse a ɗakunan karatu na ƙasashe.

A tsawon wannan barci, ɗaya gidan ne ya yi ta motsi, wato gishirin da ba ya dogara da miƙa furoton. A 1951 Hurley da Wier a Amurka suka wallafa aikinsu kan wani narkakken haɗi na shafa wa ƙarfe alminiyam da lantarki. Daga baya makarantar horar da hafsoshin sojan saman Amurka ta shiga neman gishirin da zai yi aiki a batir ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 1992 John Wilkes da Michael Zaworotko suka fito da nau'in da iska da laima ba sa lalata shi. Wannan ne ya buɗe ƙofa, masu bincike suka yi ca a kan fagen. Sai dai haɗa irin wannan gishiri na bukatar matakai da yawa, da tacewa, da kuɗi.

Gishirin Walden kuwa sai a farkon shekarun 1980 aka tashe shi. Wani masani a Amurka, D. Fennell Evans, da abokan aikinsa suna neman amsar wata tsohuwar tambaya: me ya sa sabulu ke aiki a ruwa? An san ƙwayoyin sabulu na dunƙulewa su ɓoye wutsiyarsu mai son maiƙo a ciki, su bar kai a waje, kuma an ɗauka wannan hali na ruwa ne shi kaɗai. Da suka gwada a gishirin Walden, sai ga ƙwayoyin sun dunƙule a can ma. Dalili shi ne ayon ɗinsa na riƙe da juna da irin saƙar haidurojin da ke cikin ruwa. Bayan kusan shekara saba'in, gishirin da ba a san amfaninsa ba ya zama madubin da aka duba aka ƙara fahimtar ruwan da muke sha. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi yadda ake haɗa shi, domin a nan darasin yake. A takarda babu abin da ya fi shi sauƙi. Ana auna asid da amin daidai wa daida, ƙwaya ɗaya ga ƙwaya ɗaya. Ana ɗiga asid a hankali, kwalbar na zaune cikin ƙanƙara ana juyawa, saboda haɗuwar na fitar da zafi sosai. Daga nan sai a janye ruwan da ya shigo tare da kayan haɗin, ta hanyar zuƙe iska daga kwalbar. Shi ke nan. Babu wani sharar da ya rage. Ba aikin gida ba ne ko kaɗan, don asid ɗin naitirik na cin fata, kuma dangin naitiret na iya tashi da wuta idan aka yi musu ganganci da zafi. Amma ga ɗakin gwaji mai tsari, aikin yini ɗaya ne ko biyu.

Wahalar tana wajen sanin abin da ke cikin kwalbar bayan an gama. Abu uku ke ɓata lissafi. Na farko ruwa. Wannan gishiri mayen laima ne, yana zuƙo ta daga iska, kuma ɗan ruwa kaɗan ya isa ya rage masa kauri ya ƙara masa ɗaukar lantarki, har mai aunawa ya rubuta alƙaluman da ba na gishirin ba ne. Na biyu, idan aka matsa masa da zafi don a kore ruwan, furoton na iya komawa gidansu, amin ɗin ya tashi ya bi iska, a bar asid ya yi rinjaye. A wasu nau'o'in ma zafin kan sa su rikiɗe su zama wani sinadari daban. Na uku shi ne mafi wuya: wa ya tabbatar cewa furoton ya ƙaura gaba ɗaya tun farko? Idan rabin asid ɗin bai miƙa nasa ba, abin da ke kwalbar gauraye ne kawai na gishiri da asid da amin, ko da ido ya ga ruwa garai-garai.

Saboda haka tarihin fagen ya tafi kafaɗa da kafaɗa da tarihin kayan awo. A 1935 wani Bajamushe mai suna Karl Fischer ya fito da hanyar auna ruwan da ke ɓoye cikin abu, kuma har yau da ita ake amfani, tana kama ruwa ko da kashi kaɗan ne cikin miliyan. A tsakiyar shekarun 1940 Bloch da Purcell suka gano yadda ƙwayoyi ke amsawa cikin maganaɗisu mai ƙarfi, daga nan aka samu na'urar da ke nuna inda haidurojin yake zaune a jikin sinadari, ko yana wurin asid ko ya koma wurin amin. A shekarun 1960 aka samu na'urar da ke ɗumama ɗan samfur a hankali tana rubuta inda ya narke da inda ya daskare. Akwai kuma wadda ke auna nauyinsa yayin da ake ƙara zafi, don a san inda ya fara lalacewa. Babu ɗaya daga cikinsu a hannun Walden.

Wanda ya fuskanci tambaya ta uku gaba da gaba shi ne C. Austen Angell, haifaffen Ostireliya da ya yi aiki a jami'ar jihar Arizona a Amurka. A 2003 shi da abokan aikinsa Yoshizawa da Xu suka nuna cewa ƙaurar furoton ta dogara ne da tazarar ƙarfi tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Akwai ma'aunin ƙarfin asid wanda kowane mataki ɗaya a cikinsa ninki goma ne. Suka ga idan tazarar ta haura mataki 10, furoton ya tafi ke nan, gishirin ya amsa sunansa. Idan ta gaza sosai, sai furoton ya riƙa kai da kawo. Tsakanin asid ɗin naitirik da itil-amin tazarar kusan 12 ce, shi ya sa gishirin Walden ya tsaya da ƙafarsa. Da a ce asid ɗin da ke cikin binega aka sa, tazarar ba za ta wuce 6 ba. Kuma da me Angell ya gwada wannan? Da ƙa'idar nan ta 1906 da muka ajiye a gefe. Ya zana kauri a gefe ɗaya, ɗaukar lantarki a ɗaya gefen, ya ja layi da ruwan gishirin fotashiyam kuloraid a matsayin mizani. Wanda ya faɗo kusa da layin, ayon ɗinsa na yawo a sake. Wanda ya faɗo can ƙasa, akwai magana. Zanen har yau sunan Walden yake ɗauke da shi. Wato ma'aunin da mutumin ya bari shi aka ɗauko aka tantance gishirin da ya bari.

Daga nan amfani ya fara bayyana. A Japan, Masayoshi Watanabe na jami'ar Yokohama da ɗalibansa suka nuna cewa irin wannan gishiri na iya safarar furoton ba tare da ruwa ba, a zafin da ya haura digiri 100. Wannan na da muhimmanci ga na'urar da ke samar da lantarki daga iskar haidurojin, domin fatar da aka saba sa mata sai tana jiƙe take aiki, da ta bushe ta tsaya. A Jamus, kamfanin BASF ya fara wani aiki a 2002 a birnin Ludwigshafen. Suna sarrafa wani sinadari da ke fitar da asid a hanya, kuma abin da suke sawa ya kama asid ɗin yakan zama gishiri mai tauri, ya cakuɗe tukunya kamar tuwo mai gudaji. Sai suka sauya mai karɓar furoton da wani wanda gishirinsa ke narkewa a wajen digiri 75. Tunda aikin na gudana a zafin da ya fi haka, gishirin sai ya kwanta a ƙasa a narke, kayan da ake so ya tashi sama kamar mai a kan ruwa, a tsiyaye kowanne daban. Wannan na cikin ayyukan masana'antu na farko da suka tsaya a kan narkakken gishiri. A 2008 kuma Tamar Greaves da Calum Drummond na Ostireliya suka tattara abin da aka sani game da wannan gida cikin dogon nazari guda, wanda ya zama madogara ga masu shigowa fagen.

A Landan, Jason Hallett da Tom Welton na kwalejin Imperial suka juya ga batun kuɗi. Suka haɗa wani amin mai araha da asid ɗin salfiyurik, wato irin na ruwan batirin mota. Gishirin da ya fito yana narkar da sinadarin da ke ɗaure zaren itace da kara, ya bar zaren tsantsa, wanda za a iya mayarwa sukari, ko man fetur na tsirrai, ko takarda. A 2014 suka ƙiyasta cewa ana iya samar da kilo ɗaya a kan dala 1.24. An gwada shi a kan tukar rake da buntun shinkafa da karan alkama, abubuwan da mu ma muke tarawa mu cinna wa wuta bayan kaka. Wani abin mamaki shi ne a wannan aikin da gangan ake ƙara ruwa, kusan kashi 20 cikin 100. Ruwan da Walden ya yi ta kora ya dawo ta ƙofar gaba, bambancin kawai yanzu an san adadinsa.

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi inda aka yi zuzutawa. A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta kiran narkakken gishiri da sunan aminin muhalli, saboda yawancinsa ba ya tashi ya bi iska kamar fetur ko tina. Da aka zo gwaji sai aka ga wasu nau'o'in na da guba ga halittun ruwa, wasu kuma ba sa ruɓewa da wuri. Gidan masu furoton ma da ma yana iya tashi idan aka zafafa shi, kamar yadda muka gani. Kowane gishiri sai an auna shi a kan kansa kafin a yaba masa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da muka ɗauka daga wannan tarihi bai fi ƙarfinmu ba. Kwalba da ma'auni da ƙanƙara akwai su a ɗakin gwajin kowace kwaleji, don haka ɗalibi na iya cewa ya haɗa gishiri mai gudana, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma idan aka miƙo mana irin wannan aiki mu karanta, mu tambaya: ruwa nawa ya rage a ciki, da me aka auna shi, kuma me ya nuna furoton ya ƙaura? Idan babu amsa, alƙaluman ba za su amfani wanda zai zo daga baya ba. Mu da muka rubuta kundin kammala karatu mun san inda yawancinsu ke ƙarewa, a ɗaure a ɗakin ajiya, gara na ci. Aikin Walden ma ya kwanta kusan shekara saba'in, amma da aka ɗauko shi an same shi a wallafe, an sake haɗa gishirin, an same shi a narke kamar yadda ya rubuta.

Waɗanda suka karanci kimiyyar sinadarai a cikinmu, muna jiran gyaranku, musamman kan kalmomin da muka yi amfani da su wajen fassara.